Fim ɗin The Batman na 2022 da littattafan zanen da ya fito daga cikinsu: tambayoyi da amsoshi

A watan Maris na 2022 kamfanin Warner Bros. ya fitar da fim ɗin The Batman, wanda Matt Reeves ya ba da umarninsa, Robert Pattinson kuma ya fito a matsayin Bruce Wayne, wato Batman. Fim ne da ya ajiye duk abin da finafinan baya suka gina, ya sake ɗauko labarin da sababbin 'yan wasa da sabon birnin Gotham. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi yadda fim ɗin ya bi littattafan labarin zane na kamfanin DC, da wuraren da ya kauce musu. Amsoshin sun taɓa ƙarshen labarin, don haka wanda bai kalla ba ya sani tun yanzu.

Wane littafi ne aka mayar da shi wannan fim?

Babu littafi ɗaya da za a ɗauka a ce shi ne labarin fim ɗin. Reeves da abokin rubutunsa Peter Craig sun ƙirƙiri nasu labarin ne, sannan suka ɗebo abubuwa daga littattafai da dama. Reeves da kansa ya ambaci uku: Year One na Frank Miller da David Mazzucchelli na 1987, da The Long Halloween na Jeph Loeb da Tim Sale wanda ya fito a kashi 13 tsakanin 1996 da 1997, da kuma Ego na Darwyn Cooke na 2000. Wanda ya san littattafan zai gane sawun wasu biyu a fili, wato Earth One na Geoff Johns da Gary Frank na 2012, da Zero Year na Scott Snyder da Greg Capullo wanda ya gudana tsakanin 2013 da 2014.

Abin lura shi ne yawancin waɗannan littattafai suna magana ne a kan shekarun farko na Batman, lokacin da bai gama ƙwarewa ba kuma 'yan sanda ba su gama yarda da shi ba. Fim ɗin ma ya sa shi a shekararsa ta biyu da fara fita da dare.

To, idan haka ne, me ake nufi da asalin Batman?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara warwarewa, domin yawancin gardamar da ake yi a kan ko fim ya bi asali ko bai bi ba tana tasowa ne daga zaton cewa akwai Batman guda ɗaya tilo a rubuce. Batman ya fara bayyana a mujallar Detective Comics fitowa ta 27 a 1939, a cikin labari mai shafi shida kacal, daga hannun mai zane Bob Kane da marubuci Bill Finger, wanda sai a 2015 aka fara sanya sunansa a hukumance. Ba a ba da labarin kisan iyayensa ba sai a fitowa ta 33. Tun daga lokacin ɗaruruwan marubuta da masu zane suka yi aiki a kansa, har ya zama kamar gidan gado da kowane magaji ya ƙara masa ɗaki ko ya rushe wata katanga.

Batman na 1939 mai zafin hali ne wanda mutuwar mai laifi ba ta damunsa. Na shekarun 1950 yana yawo zuwa wasu duniyoyi yana faɗa da halittun sararin samaniya. Na shirin talabijin na 1966, wanda Adam West ya fito a ciki, ɗan wasan barkwanci ne mai kaya masu haske. Sai a farkon shekarun 1970 marubuci Dennis O'Neil da mai zane Neal Adams suka mayar da shi cikin duhu da binciken laifi. Duk waɗannan asali ne, kuma babu fim ɗin da zai iya bin su gaba ɗaya. Abin da za a iya aunawa shi ne wane Batman fim ya zaɓa, kuma ya riƙe masa amana ko bai riƙe ba. Reeves ya zaɓi na Miller da Loeb, kuma a ganina ya riƙe shi fiye da duk wani fim da ya gabace shi, ko da yake ya biya kuɗin wannan zaɓi a wasu wurare da za a zo kansu.

An yi ta cewa wannan ne karo na farko da aka nuna shi a matsayin mai binciken laifi. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya mai yawa a ciki. Sunan kamfanin DC kansa ya samo asali ne daga Detective Comics, kuma a littattafai bincike shi ne babbar sana'ar Batman, har abokin gabarsa Ra's al Ghul, wanda ya fara fitowa a 1971, ba ya kiransa da wani suna sai mai bincike. Amma finafinan Tim Burton da suka fara a 1989, da na Christopher Nolan guda uku tsakanin 2005 da 2012, sun fi mayar da hankali ga faɗa da na'urori, binciken kuma yakan zo ne a gurguje, sau da yawa kwamfuta ce ke yin aikin.

Reeves ya gina fim ɗin gaba ɗaya, mai tsawon kusan awa uku, a kan jerin kashe-kashen manyan jami'ai. Farkon ganin Batman a gidan magajin gari Don Mitchell da aka kashe ya nuna inda aka dosa: yana tafiya a hankali a tsakanin 'yan sandan da ba su son ganinsa, yana lura da ɗigon jini a ƙasa da raunin da ke hannun mamacin, yana kuma ɗaukar komai da wata na'ura da ke manne a idonsa domin ya sake dubawa idan ya koma gida. Tsarin kisan da ya fara a daren bikin Halloween, da yadda kowane kisa ke tona wani ɓangare na alaƙar hukuma da manyan masu laifi, duk daga The Long Halloween aka aro su.

Sai dai akwai bambanci mai muhimmanci. Batman na littattafai yakan kasance gaba da kowa da taku biyu, alhali na wannan fim yana bayan mai kisan, wato Riddler, tun daga farko har ƙarshe. Yana amsa kacici-kacici da sauri, amma ya yi kuskuren fahimtar wata jimlar Sifaniyanci har sai da Penguin, ɗaya daga cikin masu laifin birnin, ya nuna masa, kuma bai gane amfanin ƙarfen da aka yi kisan farko da shi ba sai da wani ɗan sanda ya gaya masa cewa kayan aikin masu shimfiɗa kafet ne. Wasu masu karatu sun ga wannan a matsayin rage masa daraja. Ni ban gan shi haka ba, domin kuskuren na biyu yana da ma'ana a cikin labarin: ɗan masu kuɗi ne da bai taɓa riƙe kayan aikin leburori ba, kuma wannan tazara da ke tsakaninsa da talakan Gotham ita ce abin da fim ɗin yake tuhumarsa da shi. Year One ma ya nuna Batman mai yin kuskure, wanda a daren fitarsa ta farko aka soke shi da wuƙa kuma ɗan sanda ya harbe shi.

Yaya dangantakarsa da James Gordon?

A nan fim ɗin ya fi kusa da littattafai. Gordon ya girmi kowa a labarin in ban da Batman, domin tare suka bayyana a fitowa ta 27 ta 1939. A Year One kusan rabin littafin labarinsa ne, na ɗan sanda mai gaskiya da ya tsinci kansa a cikin rundunar da cin hanci ya cinye ta. Jeffrey Wright ya fito da shi a matsayin laftana, ba kwamishina ba tukuna, wanda yake shigar da Batman wuraren da doka ba ta ba shi izinin shiga ba, yana kuma sane da cewa aikinsa na iya salwanta saboda haka. Abin da ya ɓace shi ne rayuwarsa ta gida, matarsa da ɗansa da raunin halinsa, waɗanda su ne suka sa Gordon na Miller ya zama cikakken mutum.

Me ya sa Riddler ya bambanta haka da wanda aka sani?

Wannan shi ne canji mafi girma a fim ɗin. Riddler ya fara fitowa a Detective Comics fitowa ta 140 a 1948, daga Bill Finger da mai zane Dick Sprang. Sunansa Edward Nigma, yaro ne da ya ci gasar warware wasa a makaranta ta hanyar maguɗi, ya girma ya zama mai damfara a wuraren wasanni, sannan ya sa koren kaya masu alamar tambaya domin ya gwada kaifin ƙwaƙwalwarsa da ta Batman. Abin da ke motsa shi girman kai ne da son a yaba masa. Haka Frank Gorshin ya fito da shi a 1966, haka ma Jim Carrey a 1995.

Na Paul Dano kuwa sunansa Edward Nashton, sunan da wasu littattafai na baya suka ba shi a matsayin sunan haihuwa. Akanta ne mai binciken takardun kuɗi, maraya da ya tashi cikin wahala a gidan marayu, wanda ya gano cewa manyan gari sun wawashe asusun dala biliyan ɗaya da Thomas Wayne, mahaifin Bruce, ya yi alkawari domin raya birnin. Kamanninsa da rubutun sirrin da yake bari an ɗauko su ne daga mai kisan nan da aka fi sani da Zodiac, wanda ya addabi arewacin jihar California a ƙarshen shekarun 1960 yana aika wa jaridu wasiƙu. An kuma ƙara masa mabiya a intanet da yake zuga su.

Ba daga sama aka samo wannan duhu ba, domin a kashi na biyu na Earth One, na 2015, Riddler mai kashe mutane ne da yawa wanda ke ɓoye manufarsa a bayan tambayoyi. Duk da haka dole a faɗi abin da aka rasa. Riddler na asali yana jin daɗin wasan kansa, kuma karawarsa da Batman karawar hazikai biyu ce. Na fim ɗin mutum ne mai ciwo a zuci wanda ya ɗauka cewa shi da Batman abokan aiki ne, kuma ya rushe a lokacin da Batman ya ƙi shi a ɗakin tambayoyi na Arkham, asibitin da ake tsare masu laifi masu taɓin hankali. Wannan fage yana da ƙarfi ƙwarai, kuma ya dace da labarin da Reeves yake son bayarwa, amma wanda ya ce wannan ba Riddler ɗin da ya karanta ba ne bai yi ƙarya ba. Daga baya Dano da kansa ya rubuta littafin zane mai kashi shida a kan tasowar wannan hali, wanda DC ta fara bugawa a 2022.

Shin littattafai sun taɓa shafa wa iyayen Bruce baƙin fenti kamar yadda fim ɗin ya yi?

Yawancin abin da aka gani yana da tushe. Labarin da Carmine Falcone, babban shugaban masu laifi na Gotham, ya ba Bruce a wurin jana'iza, cewa likita Thomas Wayne ya taɓa ceton ransa a gida bayan an harbe shi, yaro Bruce kuma yana leƙe daga bene, yana cikin The Long Halloween kusan yadda yake. Takarar Thomas ta neman zama magajin gari, da mayar da matarsa Martha 'yar gidan Arkham mai tarihin taɓin hankali, daga Earth One suke, domin a babban jerin littattafai sunan gidansu Kane ne. Alfred na Andy Serkis, mai sanda a hannu da tarihin aikin tsaro, wanda shi ya koya wa Bruce faɗa, shi ma ya fi kama da na Earth One fiye da dattijon mai hidimar gida da aka saba gani tun 1943.

Inda nake da ƙorafi shi ne fim ɗin ya buɗe wannan ƙofa sannan ya yi saurin rufe ta. Falcone ya ce Thomas ne ya nemi a tsorata ɗan jaridar da ke shirin tona asirin iyalin, amma mintuna kaɗan bayan haka Alfred ya wanke shi daga gadon asibiti, ya ce kuskure ne na mai son kare matarsa kuma ya yi niyyar kai kansa ga 'yan sanda. Da an bar Bruce cikin shakka zuwa ƙarshe, da tambayar da fim ɗin ya tayar a kan dukiyar gidan Wayne ta fi nauyi.

Catwoman da Penguin fa?

Selina Kyle ta Zoë Kravitz, wato Catwoman, da gajeren gashinta da ɗakinta cike da kyanwoyi a unguwar talakawa, ta fito ne kai tsaye daga zanen Mazzucchelli. Yakushin da ta yi wa Falcone a fuska yana cikin Year One. Batun cewa Falcone ne mahaifinta kuwa Loeb da Sale ne suka tayar da shi a Dark Victory, littafin da ya biyo bayan The Long Halloween, sai dai su sun bar shi a matsayin zato mai ƙarfi, fim ɗin kuma ya tabbatar da shi.

Penguin, wanda ya fara fitowa a 1941 da doguwar hula da laima mai ɓoye makami, an cire masa duk wannan ado. Abin da aka bari shi ne Penguin na tsakiyar shekarun 1990, mai gidan rawa na Iceberg Lounge da ke hulɗa da kowane ɓangare. Colin Farrell ya fito da shi a matsayin yaron Falcone mai jiran damarsa, kuma shirin talabijin mai kashi takwas na 2024 ya ci gaba daga nan.

Me ya sa kusan ba a ga Bruce Wayne attajiri mai shiga jama'a ba?

Wannan ita ce kaucewar da ta fi damun masu karatu na dogon lokaci, kuma suna da hujja. Tun a labarin farko na 1939 an nuna Bruce a matsayin ɗan masu kuɗi marar aikin yi da ke zaune yana hira da Gordon, sai a zanen ƙarshe aka bayyana cewa shi ne Batman. Wannan fuska ta biyu, ta mai shagali da ba wanda zai zarge shi, tana cikin ginshiƙan labarin. A Year One ma Bruce ya yi amfani da ita ya ɓatar da Gordon lokacin da ya zo gidansa yana bincike.

Bruce na Pattinson ya ƙaurace wa jama'a, ba ya kula da kamfaninsa, ba ya son hasken rana, kuma yana zaune a saman bene a tsakiyar gari maimakon tsohon gidan iyayensa. Reeves ya yi haka da gangan, kuma a nan ne tasirin Ego ya fi fitowa, domin littafin Cooke gardama ce ta dare ɗaya tsakanin Bruce da dodon da ya halitta, a kan wane ne zai mallaki rayuwarsu. A fim ɗin dodon ya riga ya cinye mutumin. Har 'yar takarar magajin gari Bella Reál ta gaya masa a fuska cewa zai iya yi wa birnin abin da ya fi haka. Na fahimci dalilin, amma sakamakonsa shi ne murya ɗaya ake ji na tsawon awa uku, alhali littattafan da aka aro daga gare su suna da wuraren shan iska.

Batman yana kisa a wannan fim?

Ba ya yi. A labaran 1939 da 1940 ya riƙe bindiga kuma ya kashe, amma tun farkon shekarun 1940 editoci suka hana, dokar kuma ta zama babban ɓangare na halinsa. Finafinan Burton da na Zack Snyder na 2016 sun yi sakaci da ita. Na Reeves ya riƙe ta sosai: Batman ya nuna wa Gordon ƙin bindiga, ya kuma tsaya tsakanin Selina da mahaifinta a lokacin da ta yi niyyar harbe shi.

Ambaliyar ƙarshen fim ɗin tana cikin littattafai?

Tana ciki. A Zero Year Riddler ya katse wutar Gotham, ya sakar mata ruwa, sannan ya mulki abin da ya rage. Reeves ya ɗauki ruwan ya bar mulkin: motoci ɗauke da bama-bamai sun fasa katangar da ke tare teku, kuma Batman bai gano shirin ba sai da lokaci ya ƙure. Mutane da yawa sun ga wannan sashe a matsayin inda fim ɗin ya bar binciken da ya faro da shi ya koma babbar ɓarna irin ta sauran finafinan jarumai, kuma akwai gaskiya a wannan suka.

Amma a cikinsa ne labarin ya kai inda ya nufa. A farkon fim Batman ya kira kansa ramuwa bayan ya lakaɗa wa wani ɗan daba duka, har mutumin da ya ceta ya roƙe shi kada ya cutar da shi. A ƙarshe ɗaya daga cikin mabiyan Riddler ya kira kansa da wannan suna a gabansa. Abin da ya biyo baya shi ne Batman ya kunna wutar hannu ya jagoranci waɗanda ruwa ya tare zuwa waje, kuma ɗan magajin garin da aka kashe ne ya fara miƙa masa hannu. Littattafai sun daɗe da wannan Batman mai ceto, musamman a No Man's Land na 1999 inda girgizar ƙasa ta rushe birnin gwamnati kuma ta yi watsi da shi, amma finafinai ba su cika nuna shi ba.

Me ya sa babu Robin, kuma wane ne mai dariya a Arkham?

Robin, yaron da ke taimaka wa Batman, ya shigo littattafai a 1940, shekara ɗaya kacal bayan Batman, don haka rashinsa babban giɓi ne idan tsawon tarihi ake dubawa. Sai dai Year One da The Long Halloween ma ba su da shi. Fursunan da ya yi magana da Riddler a ƙarshe, wanda Barry Keoghan ya fito a matsayinsa, Joker ne, babban abokin gabar Batman, sai dai bai gama zama Joker ba tukuna. Year One ma da ambaton sunansa ya rufe, ko da yake a fim ɗin wannan fage bai ƙara wa labarin komai ba.

Wanda fim ɗin ya burge shi, da wane littafi ya kamata ya fara?

Ya fara da Year One, domin gajere ne, kashi huɗu kacal da suka fito a mujallar Batman daga fitowa ta 404 zuwa ta 407, kuma a cikinsa zai ga inda aka samo muryar Bruce mai ba da labarin darensa da kansa, da launukan da Richmond Lewis ta yi amfani da su, waɗanda hasken mai ɗaukar hoto Greig Fraser yake tuna wa mutum da su. Daga nan ya wuce zuwa The Long Halloween, inda zai tarar da abin da fim ɗin ya bari gaba ɗaya, wato mai gabatar da ƙara Harvey Dent, wanda shi ne na uku a yarjejeniyar da Batman da Gordon suka ƙulla domin karya Falcone, kuma wanda faɗuwarsa ce ainihin labarin littafin. Ego ya fi dacewa a karanta shi bayan waɗannan biyun, domin kusan babu faɗa a cikinsa kuma yana ɗauka cewa mai karatu ya riga ya san mutumin da ake magana a kansa.